Ku Tambaye Mu: Ɗan ra'ayin sauyi da zaɓen fid da gwani a Amurka, riba ce ko shiga sharo ba shanu?

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan magana ɗaya. Duk lokacin da zaɓen shugaban Amurka ya gabato, sai gardama ta tashi a cikin jam'iyyar Dimokurat: masu ra'ayin kawo sauyi, wato masu neman a ƙara wa attajirai haraji, a ɗaga albashin ƙananan ma'aikata, gwamnati ta ɗauki nauyin jinyar kowa, su tsayar da nasu a zaɓen fid da gwani, ko su bi bayan wanda iyayen jam'iyya suka nuna? Mun zaɓi wasiƙu shida, mun taƙaita su.

Assalamu alaikum. Na ji cewa a 2015 jama'a sun yi ta roƙon Sanata Elizabeth Warren ta fito takara ta ƙi, Bernie Sanders kuma ya fito ya sha kaye. A cikinsu wa ya yi daidai? Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

Wa alaikumus salam, Malam. Roƙon da ka ji ba na fatar baki ba ne. A watan Disamba na 2014 ƙungiyar MoveOn ta ware dala miliyan 1 don jawo Warren cikin takara, ƙungiyar Democracy for America ta mara mata baya, suka buɗe ofisoshi a jihohin Iowa da New Hampshire inda ake fara zaɓen. Sun tara sa hannun mutane sama da 360,000. Ita kuwa amsarta ɗaya ce daga farko har ƙarshe: ba ta takara. A watan Yuni na 2015 suka naɗe tabarmarsu.

Masu cewa ta fito suna da hujja mai ƙarfi. A lokacin Hillary Clinton ce kaɗai babbar 'yar takara, kuma duk wanda ke jin haushin yadda aka ceto manyan bankuna bayan rikicin tattalin arzikin 2008 ba shi da inda zai kai ƙuri'arsa. Warren ce ta kawo shawarar kafa hukumar kare masu hulɗa da bankuna da kamfanonin bashi, wadda dokar Dodd-Frank ta 2010 ta tabbatar, don haka sunanta ya riga ya zauna a bakin waɗannan mutane. Fili ne a buɗe, ba kowa a ciki.

Masu cewa ta zauna su ma ba shirme suke faɗa ba. Shekara biyu kacal ta yi a majalisar dattawa, tun da a 2012 ta ƙwace kujerar Massachusetts daga hannun Scott Brown. Gwamnan jiharta tun daga Janairun 2015, Charlie Baker, ɗan Rifablikan ne, kuma dokar jihar ta ba gwamna ikon naɗa wanda zai riƙe kujerar sanata kafin a yi zaɓen cike gurbi bayan wata biyar. A majalisar da ƙuri'a ɗaya ke iya juya akalar doka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma manyan masu ba da kuɗi da ƙwararrun masu tsara kamfe, waɗanda Clinton ta riga ta kwashe.

Namu hukuncin shi ne: Sanders ya karanta filin daidai, Warren kuma ta yi asarar damar da ba ta sake dawo mata ba. Sanders ya bayyana takararsa ranar 30 ga Afrilun 2015 ana yi masa kallon mai neman a ji muryarsa kawai, ya tara dala miliyan 1.5 a kwana ɗaya. A Iowa tazarar da ke tsakaninsa da Clinton ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. A New Hampshire ya samu kashi 60, ita 38. Ya gama da ƙuri'a sama da miliyan 13. Jama'ar da aka tara don Warren su ne suka zama tubalin ginin Sanders, kuma da ta fito a 2019 sai ta tarar da mai gida a filin da ta bari. Amma kada a zarce a ce da ta fito da ta ci. Katangar da ta tare Sanders, wato ƙuri'un baƙaƙen fata na jihohin kudu, ita ma za ta tarar da ita. A Carolina ta Kudu Clinton ta samu kashi 73, Sanders 26, kuma daga wannan rana lissafin wakilai bai sake yi masa kyau ba.

Nawa ne kuɗin fom a can, kuma wane mataki mutum zai bi kafin sunansa ya hau takardar zaɓe? Daga wani ɗalibin kimiyyar siyasa a Zariya.

Ɗan'uwa, babu fom ɗaya da uwar jam'iyya ke sayarwa. Tsarin mulki sharaɗi uku ya gindaya: shekara 35, zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa, da zama a ƙasar na shekara 14. Daga nan sai hukumar tarayya mai sa ido kan kuɗin zaɓe, FEC. Da zarar mutum ya karɓi ko ya kashe fiye da dala 5,000 da sunan takara, yana da kwana 15 ya miƙa takardar bayyana takara ya kuma ambaci kwamitin kamfensa, kwamitin kuma yana da kwana 10 ya yi rajista da sunan ma'ajinsa. Akwai rangwame ga wanda ke gwada zurfin ruwa tukuna: yana iya biyan kuɗin ƙuri'ar jin ra'ayi da tafiye-tafiye ba tare da ya yi rajista ba, muddin bai kira kansa ɗan takara ba, amma ranar da ya shiga dole ya bayyana duk abin da ya karɓa a wancan lokacin.

Wahalar tana wajen jihohi, domin kowace da dokarta da ranar rufe ƙofarta. New Hampshire ta fi sauƙi: ka biya dala 1,000 a ofishin sakataren jiha, shi ke nan, shi ya sa takardar zaɓensu kan cika da sunayen da ba wanda ya taɓa ji. Indiana tana neman sa hannun masu rajistar zaɓe 500 daga kowace mazaɓar ɗan majalisar wakilai, mazaɓu tara, jimilla 4,500, kuma rarar da ka samu a wata mazaɓa ba ta cike giɓin wata. Abin da ke kayar da mutane shi ne tantancewa: ana soke sa hannun wanda adireshinsa bai dace da na rajista ba, da wanda ya sa hannu sau biyu, da wanda ba ɗan mazaɓar ba. Saboda haka masu hankali sukan tara ninkin abin da ake nema ko kusa da haka. A zaɓen 2012 Newt Gingrich da Rick Perry, manyan 'yan takarar Rifablikan, sun kasa hawa takardar Virginia saboda wannan, lokacin da jihar ke neman sa hannu 10,000. Yawancin ranakun rufewa suna faɗowa tsakanin Oktoba da Janairu, kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya. Wanda ya tsaya jan ƙafa har ƙarshen shekara yana jiran a ƙara roƙonsa, zai tarar an kulle wasu jihohin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuɗi. Doka ta ƙayyade abin da mutum ɗaya zai ba ɗan takara a zaɓe guda: dala 2,700 a zagayen 2016, 2,800 a 2020, 3,300 a 2024. Ɗan ra'ayin sauyi da ke zagin attajirai a kan dandamali ba zai je liyafarsu da ƙoƙon bara ba, don haka hanyarsa ita ce ƙananan gudummawa ta intanet, galibi ta manhajar ActBlue. Sanders ya yi ta nanata cewa matsakaicin abin da ake ba shi dala 27 ne, kuma da irin wannan ya tara sama da dala miliyan 200 a zagayen 2016. Amfanin ƙaramin mai bayarwa shi ne ana iya komawa gare shi kowane wata, alhali wanda ya ba da iyakar doka ya gama. Illarsa kuma, yana bayarwa ne idan zuciyarsa ta motsa. Mako biyu ba labari mai daɗi, famfon sai ya ƙafe, ga albashin ɗaruruwan ma'aikata da hayar ofisoshi suna jira. Kamala Harris ta janye a Disambar 2019, kafin a fara zaɓe, ta ce kuɗi ne suka yanke mata.

Akwai kuma muhawarar talabijin. A 2019 sharaɗin shiga muhawarar farko shi ne samun kashi 1 a ƙuri'un jin ra'ayi uku, ko masu ba da gudummawa 65,000 da suka haɗa da aƙalla 200 a kowace cikin jihohi 20. Zuwa Satumba an ɗaga shi zuwa mutum 130,000 da kashi 2, duka biyun. Wannan ya haifar da abin dariya: 'yan takara suna kashe dala da yawa a tallan Facebook don a ba su dala 1, saboda yawan kawuna ake ƙirgawa.

Ina jin ana cewa wane ya ci jiha kaza amma wane ya fi shi wakilai. Yaya lissafin yake, kuma me ya sa ake cewa Warren ce ta kayar da Sanders a 2020? Daga wata malamar makaranta a Damagaram.

Malama, nan ne zuciyar maganar, kuma wanda bai fahimce ta ba gardamar iska yake yi. Cin jiha suna ne kawai. Abin da ake tarawa wakilai ne da za su je babban taron jam'iyya su kaɗa ƙuri'a. A 2020 wakilan da ake samu ta hanyar zaɓe 3,979 ne, ana buƙatar 1,991. A jam'iyyar Dimokurat ana raba su gwargwadon ƙuri'a, wani kaso a matakin jiha, kaso mafi yawa a matakin mazaɓa, kuma a kowane mataki wanda bai kai kashi 15 ba ba ya samun komai.

Ga misali na lissafi kawai. Mazaɓa ce mai wakilai 6. 'Yan takara biyu masu sassaucin ra'ayi sun samu kashi 40 da 32, 'yan sauyi biyu kowanne ya samu 14. Za a zubar da ƙuri'un 'yan sauyin duka, a sake auna sauran a kan 72: mai 40 ya tashi da wakilai 3, mai 32 ma 3. 'Yan sauyi, da kashi 28 a tsakaninsu, sun tashi a tutar babu. Da mutum ɗaya suka tsayar ya samu 28 ɗin, da rabon ya zama 2, 2, 2. Ki lura da abu biyu. Rabuwa a ƙarƙashin kashi 15 mutuwa ce. Sannan tazarar maki takwas tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta haifar da bambancin wakili ko ɗaya ba, abin da ya sa wanda aka yi wa nisa da wakilai 200 ko 300 da wuya ya kamo, ko da ya jera nasarori a baya-bayan nan. Sai ya riƙa ci da gagarumar tazara, ba da ƙyar ba. 'Yan Rifablikan sun bambanta: jihohi irin su Fulorida da Ohio sukan ba wanda ya zo na ɗaya duka wakilan.

Yanzu 2020. Joe Biden ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire, har an fara yi masa ta'aziyya. Ɗan majalisa Jim Clyburn na Carolina ta Kudu ya fito ya mara masa baya, Biden ya ci jihar ranar 29 ga Fabrairu da kusan kashi 48. Cikin kwana biyu Pete Buttigieg da Amy Klobuchar suka janye suka bi shi. Ranar 3 ga Maris, Babbar Talata, jihohi 14 suka yi zaɓe: Biden ya ɗauki 10, Sanders 4, ciki har da Kalifoniya. Warren tana cikin takara a ranar. A jiharta ta Massachusetts ta zo ta uku da kusan kashi 21, Sanders 27, Biden 33. A Minnesota ta samu 15, Sanders 30, Biden 39. A Maine tazarar Biden da Sanders kusan maki ɗaya ce, ita kuma tana da 16. Magoya bayan Sanders suna haɗa waɗannan alƙaluma su ce ga jihohi uku nan an ba da kyauta.

Rabin gaskiya ce. Ƙuri'a ba gero ba ce da za a juye daga wannan buhu zuwa wancan. Mutanen Warren galibi masu digiri ne, mazauna unguwannin masu hali, da yawa mata, kuma ba kaɗan ba ne a cikinsu suka fi son Biden a kan Sanders. Sannan masu wannan lissafi sukan manta da Michael Bloomberg, wanda ya zuba kusan dala biliyan 1 daga aljihunsa yana cin ƙuri'un ɓangaren Biden a wannan rana, bai ci ko'ina ba sai tsibirin Samoa ta Amurka. Abin da ba ya musantuwa shi ne, ɓangare ɗaya ya haɗa kansa cikin awa 48, ɗayan bai yi ba. Warren ta janye ranar 5 ga Maris ba ta ce a bi Sanders ba. Don haka idan ana gardamar ko wani ɗan sauyi ya shiga, tambayar farko ita ce ko akwai wani irinsa a ciki. A yanzu sunan 'yar majalisar wakilai Alexandria Ocasio-Cortez na yawan fitowa game da 2028, shekarar da za a yi zaɓen kujerar Sanata Chuck Schumer na jiharta ta New York, kuma wannan tambayar ce za ta fara fuskanta kafin ta kuɗi.

Ni a ganina irin wannan takara raba kan jam'iyya kawai take yi. Ba Sanders ne ya jawo Trump ya ci a 2016 ba? Daga wani ɗan kasuwa a Zangon Kumasi.

Alhaji, a raba magana biyu: ƙalubalantar shugaba mai ci na jam'iyyarka daban, shiga takarar da kujera ba kowa daban.

A na farko tarihi yana bayanka. A 1968 Sanata Eugene McCarthy, mai adawa da yaƙin Vietnam, ya samu kashi 42 a New Hampshire a kan Shugaba Lyndon Johnson mai 49. Kwana huɗu bayan haka Robert Kennedy ya shigo, ranar 31 ga Maris Johnson ya ce ya fasa neman tazarce. An harbe Kennedy a Los Angeles a watan Yuni, jam'iyya ta ba Hubert Humphrey tikiti alhali bai shiga zaɓen fid da gwani ba, taron Chicago ya rikice da faɗa tsakanin 'yan sanda da masu zanga-zanga, Richard Nixon ya ci. A 1980 Edward Kennedy ya ja da Jimmy Carter. Kwana uku kafin ya bayyana takararsa aka kama ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a Tehran, jama'a suka taru bayan shugabansu, kuma a hirar da aka watsa a talabijin a wannan makon ɗan jarida Roger Mudd ya tambaye shi me ya sa yake son zama shugaba, ya yi ta kame-kame. Ya ja rigimar har zauren taro a New York, ya faɗi, Carter kuma ya sha ƙasa a hannun Ronald Reagan, 489 da 49 a ƙuri'un wakilan jihohi. Haka ta faru a ɗaya jam'iyyar: Reagan ya ja da Gerald Ford a 1976, Pat Buchanan ya ja da George Bush babba a 1992, duka shugabannin biyu suka faɗi a babban zaɓe. Sai dai a yi hattara da ɗora laifi. Ba a ja da shugaba mai ƙarfi. Carter yana fama da hauhawar farashi da layin mai tun kafin Kennedy ya motsa. Ungulu ba ita ke kashe dabba ba, ta dai hango wadda ta kwanta. Duk da haka, tun da aka koma tsarin zaɓen fid da gwani na zamani a 1972, ba wanda ya ƙwace tikiti daga shugaba mai ci ta hanyar kayar da shi a akwati. Wanda ya shiga irin wannan, ya san ba tikiti zai samu ba.

A 2016 kuwa ba shugaba mai ci a takarar. Trump ya ci Michigan, Wisconsin da Pennsylvania da ƙuri'a ƙasa da 80,000 a haɗe, kuma wani babban binciken masu zaɓe ya nuna kusan kashi 12 na waɗanda suka zaɓi Sanders a zagayen farko sun koma wa Trump. Adadin ya isa ya cike wannan tazara, gaskiya ne. Amma da yawansu ba 'yan Dimokurat ba ne tun asali, mutane ne da ba su da niyyar zaɓen Clinton ko da Sanders ko babu shi. A tazara irin wannan kowane dalili ya isa: wasiƙar shugaban hukumar FBI James Comey kan binciken saƙonnin imel na Clinton kwana 11 kafin zaɓe, da rashin taka ƙafar Clinton a Wisconsin bayan ta samu tikiti. Sanders ya mara mata baya ranar 12 ga Yuli ya kuma yi mata yawon kamfe.

Wanda ya cancanci wannan zargi shi ne mai tsayawa a wajen jam'iyya a babban zaɓe. Ralph Nader na jam'iyyar Green ya samu ƙuri'a kusan 97,000 a Fulorida a 2000, jihar da Al Gore ya rasa da ƙuri'a 537. Wannan ma yana cikin hujjojin masu cewa a shiga zaɓen fid da gwani: a yi kokawar a cikin gida, a fita waje da murya ɗaya.

To wanda ya shiga ya faɗi, me ya samu ban da bashi? Kuma me ya hana 'yan ra'ayin sauyi na Najeriya yin haka a manyan jam'iyyu? Daga wani tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, Kaduna.

Baba, a can wanda ya faɗi yana tafiya babban taro da wakilansa, kuma wakilai jari ne. Da su ake rabon kujerun kwamitin dokokin jam'iyya da na manufofinta. Jesse Jackson, ɗan gwagwarmayar haƙƙin baƙaƙen fata, ya samu kusan kashi 18 na ƙuri'u a 1984 amma wakilansa ba su wuce kusan rabin wannan kaso ba, saboda shingen samun wakili a lokacin kashi 20 ne. Ya yi ƙorafi, aka sauke shi zuwa 15. A 1988 ya dawo ya samu ƙuri'a kusan miliyan 7, ya yi amfani da ƙarfinsa aka wajabta rabon wakilai gwargwadon ƙuri'a a kowace jiha. Da wannan doka Barack Obama ya tsere wa Clinton a 2008, ko da yake ta ci manyan jihohi irin su Kalifoniya da New York. Sanders, da wakilai 1,846 a kan 2,205 na Clinton, ya samu naɗa mutum 5 cikin 15 da suka rubuta daftarin manufofin 2016, aka sa mafi ƙarancin albashi na dala 15 a awa. Ya kuma ci nasara a kan wakilan alfarma, wato gwamnoni, 'yan majalisa da jiga-jigan jam'iyya sama da 700 da ke kaɗa ƙuri'a ba tare da an zaɓe su wakilai ba: a Agustan 2018 aka hana su tasiri a zagayen farko na ƙuri'ar taro. Amma kada a yi zuzutawa. Daftarin manufofi ba doka ba ne. Albashin tarayya mafi ƙaranci ya tsaya a dala 7.25 tun 2009, kuma ƙoƙarin Sanders na sa dala 15 a dokar tallafin korona a Maris na 2021 ya faɗi a majalisar dattawa, 'yan ɓangarensa takwas suna cikin waɗanda suka ƙi.

A Najeriya tsarin shugaban ƙasa daga Amurka aka aro shi a 1979, amma ba a aro wannan ɓangaren ba. A 2022 zaɓen fid da gwani na manyan jam'iyyu dare ɗaya aka yi shi a fili ɗaya, kuma daliget ne suka kaɗa ƙuri'a. A wannan shekarar fom ɗin APC naira miliyan 100 ne, na PDP miliyan 40. Daliget ɗin PDP ɗaya ne daga kowace ƙaramar hukuma, na APC uku, kuma kowa ya san hannun gwamnoni a zaɓo su. A taron PDP na watan Mayu Atiku Abubakar ya samu 371, Nyesom Wike 237. A na APC a watan Yuni Bola Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235. Wanda ya zo na biyu ba shi da wani kaso da doka ta ba shi, ko a kwamiti ko a manufofi, sai abin da ya ƙulla a ɗaki. Makamin Sanders, wato mutum miliyan yana ba da ɗan abin da ya samu sannan ya je ya jefa ƙuri'a da kansa, ba shi da wurin aiki inda mutum dubu biyu ko ɗari bakwai ne ke yanke hukunci. Shi ya sa mai farin jinin talakawa a nan yakan fice. Peter Obi ya bar PDP kwanaki kaɗan kafin taronta, Rabiu Kwankwaso ya koma NNPP tun kafin nan. Tun da can ma haka ne: Malam Aminu Kano ya fita daga shirin kafa NPN a 1978 ya kafa PRP, ya samu kusan kashi 10 na ƙuri'un shugaban ƙasa a 1979, jam'iyyarsa ta ɗauki gwamnan Kano da na Kaduna. Ƙarfinsa a Kano ne ya hana Shehu Shagari kai kashi 25 a jihar, ya tsaya a 19.94, abin da ya kai maganar jiha goma sha biyu da biyu bisa uku, wato ko ya cika sharaɗin samun kashi 25 a biyu bisa uku na jihohi 19, har Kotun Ƙoli. A tsarinmu ɗan sauyi ya fi ciniki da jihar da ya riƙe fiye da ƙuri'un da ya samu a taron jam'iyya.

Idan ba wanda ya yarda ya fito, shin masu ra'ayin suna da wata hanyar nuna fushinsu a zaɓen fid da gwani? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Akwai, 'yar'uwa, kuma an gwada ta a 2024. Ba wani babban ɗan sauyi da ya ja da Biden, Sanders ma mara masa baya ya yi. Amma takardar zaɓen wasu jihohi tana da gurbin "ban zaɓi kowa ba", kuma dokar kashi 15 tana aiki a kansa kamar ɗan takara. Masu adawa da goyon bayan da gwamnatin Biden ke ba Isra'ila a yaƙin Gaza, musamman Larabawa da Musulmin yankin Dearborn na jihar Michigan da ɗaliban jami'a, suka yi kamfe a kan wannan gurbi. A Michigan, ranar 27 ga Fabrairu, ya samu ƙuri'a sama da 100,000, kashi 13. Bai kai shingen jiha ba, amma ya haye shi a mazaɓu biyu, ya samu wakilai 2. A Minnesota ya samu kusan kashi 19 da wakilai 11. Hanya ce mai arha, ba sa hannu, ba fom, ba albashin ɗan takara. Rauninta shi ne ba mutum ɗaya da zai zauna a tebur ya ce ga abin da za a ba ni kafin in janye. Sun isa taron Chicago a watan Agusta da wakilai kusan 30 cikin dubbai, bayan Biden ya janye ranar 21 ga Yuli tikiti ya koma hannun Harris. Buƙatarsu ta ƙarshe ita ce a ba wani Ba'amurke ɗan asalin Falasɗinu 'yan mintoci a kan babban dandamali. An hana su, suka kwana a zaune a ƙofar zauren. A zaɓen Nuwamba Trump ne ya zo na ɗaya a Dearborn.